Me ka kawo, me ka koyo?

Duk wanda ya tashi a unguwannin Hausawa na Gadarif, a gabashin Sudan, ya san yadda ake tarbar matafiyi. Mota za ta tsaya a bakin lungu, yara su ruga su ɗauko jaka, mata su rangaɗa guɗa, a shimfiɗa tabarma, a ɗora jabana, wato butar gahawa, a kan garwashi. Kafin a kai zagaye na biyu, ido ya riga ya koma kan akwati. In daga Saudiyya ya fito, ana jiran dabino da zamzam da turare da waya. In daga Kano ne, goro da atamfa da hula da daddawa. Ba laifi, tsaraba haƙƙin na gida ce, ni ma na karɓa na kuma bayar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara da shekaru ina zama a irin wannan tabarma, ban taɓa jin dattijo ya dubi saurayin da ya dawo ya ce masa, "To, ɗana, can da ka je, me ka ga suna yi wanda mu ba ma yi?" Ko an furta ko ba a furta ba, tambayar ɗaya ce: me ka kawo? Ni kuwa ina ganin wadda ta fi ta riba ita ce, me ka koyo?

Mu ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan tambaya, don hanya ce ta haife mu. Kakana daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ya ɗaura niyyar hajji, ya fito da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya. Suka ratsa Borno, suka haye zuwa garin da a lokacin ake kira Fort Lami, wato Injamena ta yau, suka bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, suka shigo Jinaina, daga nan Fashir, daga nan Ubayyid inda layin dogo ya tsaya a wancan zamani. Duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango, a yi noman damina ɗaya ko biyu, ko ɗinki, ko wanzanci, mai karatu kuma ya kafa tsangaya. Shekara bakwai suka yi kafin su tsaya a gaɓar Bahar Maliya a Sawakin suna jiran jirgin ruwan Jidda. A hanyar dawowa aka tsaya tsinkar auduga a Jazira don a haɗa kuɗin komawa, daga can aka gangaro Gadarif yankan riɗi. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina cewa shi a kan hanya yake ba.

Wasu sun riga shi. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nil Azrak, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka riƙe audugar. Waɗannan bayin Allah ba su san wani abu wai shi yawon buɗe ido ba, amma idonsu ya buɗe. Kowane gari suka shiga sai sun ci da guminsu a cikinsa, wanda kuma zai ci da guminsa a garin da ba nasa ba, dole ya lura da abin da mutanen garin ke so, da abin da suke da shi, da abin da suka rasa. A ganina daga irin wannan lura ƙirƙira take tsirowa.

A lokacin zaman lafiya, shiga kowace kasuwa da magariba, a Gadarif ko Kasala ko Madani ko Umdurman, ka bi ƙamshi. Za ka tarar da wuta a tsakiya, tsinkayen nama a kafe kewaye da ita, mutane daga kowace ƙabila a tsaye suna jira. Tambayi ko wane ne me yake jira, zai ce agashe. Da yawa cikinsu ba su san kalmar Hausa suke furtawa ba, alhali duk Bahaushen da ya ji ta ya san daga gashi ta fito. A Makka da Jidda ma haka: abin da suke kira sire, tsirenmu ne, harshen Balarabe ne bai ɗauki "tsa" ba ya sauke ta.

Na daɗe ina tunanin mutumin farko da ya kafa tukuba a ƙasar nan. Ba gona, ba jari, ba dangin da za su tsaya masa, Larabcinsa ma na gaisuwa ne. Abin da ke hannunsa wuƙa ce, da sanin yadda ake yanka nama fale-fale, da yadda ake haɗa garin ƙuli da yaji. A gida wannan sani ba wani abu ba ne, kowane lungu da mai tsirensa. Sai da ya zo inda ba a san shi ba ya zama dukiya. Kuma bai bar shi yadda ya taho da shi ba. Ya ga mutanen nan da burodi suke cin nama, ba sa rabuwa da lemun tsami da albasa da barkonon da suke kira shatta, ya bi su da abin da bakinsu ya saba. Na bayansa suka ƙaro agashen kaza da na kifi. Wanda ya ci tsire a Kano ya zo ya ci agashe a nan zai gane 'yan uwa ne, zai kuma gane kowanne da halinsa. Da ajiyewa kawai ya yi, sai mu ce ya riƙe al'ada. Shi kuwa ɗaukar abin gida ya yi ya aura masa abin baƙunta, aka samu ƙaruwa.

Wani lokacin ma abin da baƙunta ke nuna maka, abin da ka sani ne tun kana goye. Kuka dai kuka ce. Mu mun san ta da miya, da garin 'ya'yanta a cikin nono, da igiyar ɓawonta. Kakata ta ba mu labarin ranar da suka shiga yammacin Kurdufan da ƙishirwa, ta ga mutum ya hau kuka da guga yana ɗebo ruwa daga cikinta. Mutanen wurin rarake cikin itacen suke yi, su cika shi da ruwan damina ya riƙe su har rani, kowace bishiya da masu ita. Ta ce ta tsaya tana kallo kamar ba ta taɓa ganin kuka ba, ita da aka haifa a gindinta.

Ni tela ne, ɗan tela. Na tashi ina ɗinka jallabiya fara sol mai faɗin hannu, irin ɗinkin da in ka iya shi ka iya, babu sabon abu daga Ƙaramar Salla zuwa Babba. Ina da shekara ashirin da shida na tara kuɗin jirgi na tafi Kano, da sunan gaida dangin da ban taɓa gani ba. A zuciyata gida zan je. Ban yi kwana uku ba na gane ni baƙo ne. Hausata rabi ta kakanni ce, rabi Larabci, a Kantin Kwari kuwa kafin in buɗe baki an ce ga ɗan Sudan. A nan ana ce mana Fallata ko Takari, can kuma Basudane. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai a lokacin. Yanzu ina ganin ciwon nan ne ya buɗe mini ido, don ɗan gari wucewa yake yi, baƙo ne ke tsayawa ya duba.

Abin da na tsaya dubawa babbar riga ce. Na san ta a jikin dattawanmu ranar Idi, amma ban taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Wani ɗan uwa ya kai ni Zariya wurin wani dattijo a cikin birni, na tarar da zaure cike da maza, kowa da allura, riga a kan gwiwa. Na ga yadda mai zane ke fara fitar da aska takwas da tambari a kan ƙyalle, yadda riga ɗaya ke bi ta hannu da yawa wata da watanni, yadda daga ƙarshe ake kai ta wurin masu bugu ta fito tana ɗaukar ido. Ziyarar mako uku ta koma wata goma sha huɗu. Ranar da na gama aljihuna na farko na kai masa, bai ko kalli fuskar ba, ya juya bayan ya duba, ya ce, "Ɗan Sudan, aiki a bayansa ake gane shi. Warware." Na ce, "To, Malam." Na warware.

Na dawo Gadarif da zumuɗi, na zuba wa jallabiya aiki tun daga wuya har ciki da zare mai launi, na rataye a ƙofar shago. Wata biyu ba wanda ya taya. Wani dattijo maƙwabcinmu, Balarabe, ya shafa ta ya ce kyakkyawa ce, amma wa zai ɗauki wannan nauyi a zafin Gadarif, kuma ina mutum zai shiga da ita ba a bi shi da kallo ba? Gaskiya ya faɗa. Abin Zariya na kwaso na kife a kan abin Sudan, ban shawarci ko ɗayansu ba. Baba, Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba, sai wani dare muna rufe shago ya ce, "Kai ka je ka ga nasu. Namu fa, ka taɓa dubawa?" Daga ranar na fara kallon jallabiyar da nake ɗinkawa tun ina yaro kamar yau na fara ganinta: dalilin faɗinta, yadda iska ke bi ta hannunta, yadda ta Ansar, wato mabiya Mahadin Sudan, ke da aljihu gaba da baya, irin ƙaramin adon da ke kan hular da ake naɗa rawani a kai. Na koma na ɗauki aska ɗaya tak, na ƙanƙanta ta, na yi ta da farin zare a kan farin yadi a bakin aljihu, ba ka ganinta sai haske ya faɗa mata. Ita ta ciyar da gidanmu shekaru. Bahaushe na gani ya gane tasa ce, wanda ba Bahaushe ba kuma yana sawa ba ya jin ya ari kayan wani.

Daga baya na ji labarin Ibrahim Salahi, mai zanen nan haifaffen Umdurman a 1930, na ga ashe inda na yi tuntuɓe manya ma sun yi. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo Khartum ya baje abin da ya koyo, mutanensa suka zo suka kalla suka tafi, abin bai taɓa su ba. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari. Sai ya koma yana duba abin da ke cikin ɗakunan mutane: rubutun Larabci, allon karatu irin wanda ya tashi yana gani a wurin mahaifinsa malamin Alƙur'ani, adon faifai da na ƙwarya. Daga nan zanensa ya fara magana da harshen kansa. A farkon shekarun 1960 aka nuna aikinsa a Ibadan, a 2013 kuma gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Landan ta horar masa da hannu. Abin da zai faɗa yana Umdurman tun farko yana jiran sa, sai dai da bai fita ba, da wuya ya gan shi.

Ko a fagen malamai haka abin yake. Imamu Shafi'i an haife shi a Gaza a shekara ta 150 bayan hijira, ya tashi a Makka, ya yi karatu a Madina wurin Imamu Malik, ya zauna Yaman da Bagadaza, ya rasu a Masar a 204. Duk ɗalibin fiƙihu ya san akwai tsohon ƙaulinsa na Iraƙi da sabo na Masar, don ya sake duba mas'aloli da yawa bayan ya sauya gari. Kusa da mu kuma, malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, a shekarun 1950 kuma ɗaliban Arewa, har da Malam Abubakar Gumi, suka zo Bakhtur Ruda kusa da Duwaim koyon aikin malanta.

Na san abin da wani zai ce. Shehu Usmanu bai taɓa taka Makka ba. Ya so bin malaminsa Jibrilu daga Agadas, aka mayar da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. 'Yarsa Nana Asma'u ita ma ba ta samu zuwa ba, ga shi har yau ana karanta abin da suka rubuta. Na yarda. Basira kyautar Allah ce, ba a sayen ta da tikiti. Amma a tuna Shehu ya yi shekaru yana yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, malaminsa ya je hajji ya dawo, littattafan da ke gabansa kuma da yawansu sahara suka ratso. Wanda bai fita ba, in zaurensa a buɗe yake, duniya kan zo ta same shi. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai fita da ƙofarsa a kulle.

Irin wannan kuwa ya yi yawa yanzu. Tafiyar da ta ci wa kakana shekara bakwai, yau daga Kano ba a cika awa biyar ba an sauka Jidda. Mun gode Allah da sauƙi, ba mai fatan a koma bin jaki. Sai dai jirgi ya haɗiye duk abin da ke tsakani: ba Wadai, ba Darfur, ba kukar ruwa. Mutum zai sauka, mota ta kai shi masauki, ya ci tuwon da 'yar garinsu ta tuƙa, ya yi hira da 'yan jirginsu, ya yi ibadarsa, ya shiga kasuwa, ya dawo. Ga mutumin Indunisiya a sahu ɗaya da shi, ga Baturke, ga na Bukhara, taron da babu irinsa a duniya, bai tambayi ko ɗaya yadda suke gina ɗaki ko adana hatsi ba. Ibada ce ta kai shi, ita ce kuma gaba da komai, amma Alƙur'ani da kansa, inda ya yi kiran hajji, ya ambaci halartar abubuwan amfani. Haka wanda zai shekara goma a Shara Mansur a Makka, ko a unguwar Hausawa a nan Sudan, Larabcinsa bai wuce na cefane ba. Zango rahama ne, shi ke karɓar baƙo ranar da ba shi da kowa. Amma an yi shi ne don a sauke kaya a huta, sannan a shiga gari. In ya zama ganuwa, kifin rijiya ne ya sauya rijiya.

Ba kowa zan ɗora wa laifi ba. Yawancin samarinmu da ke fita ƙasashen Larabawa, waɗanda a nan ake kira mugtaribin, ba hutu ya kai su ba. Wanda ke tuƙi ko gadi ko kiwon raƙuma daga asuba zuwa dare, gida kuma ana jiran kuɗin wata, ina ya ga sararin zama ya yi nazari? Amma ko shi yana gani. Yana ganin yadda ake shayar da gona da ɗigon ruwa, yadda ake kafa rumfar kaji, yadda Bayamane ke tafiyar da shago. Abin da ke kashe wannan gani shi ne ya dawo ba wanda ya tambaye shi, har shi ma ya ɗauka ba abin faɗa ba ne.

Mata sun fi mu iya wannan, ko da yake ba a cika yaba musu ba. Je ka gidan biki a Kano ko Maiduguri ka ji ana maganar dilka da halawa da humra da turaren tsuguno, ka ga zanen baƙin lalle a hannun amarya. Kayan gyaran jiki ne da aka san matan Sudan da Chadi da su. Mata ne suka bi da su ta Borno, suka daidaita haɗin da abin da ke samuwa can, yau sana'a ce da ke riƙe da gidaje. Babu wanda ya ba su tallafi, ido ne da hanci da tambaya. Ga kuma A'isha Falatiya. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taho da niyyar hajji, aka haife ta a yankin Kasala, mahaifinta malami ne da bai so ta yi waƙa ba. Ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, ta rasu a 1974. Ko mutum na sauraron waƙa ko ba ya yi, ya san ba a ba da tarihin waƙar Sudan a tsallake ta. 'Yar baƙi ce da ta tashi tsakanin gida biyu, ina kuma ganin wannan na cikin abin da ya sa muryarta ta fita daban.

Akwai tafiyar da ba zan yi wa kwalliya ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, miliyoyin mutane sun bar gidajensu ba da son ransu ba. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, sannan Sinja a tsakiyar 2024, mun ga makarantun Gadarif sun cika da mata da yara da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Kafin nan, a Yulin 2022, rikicin Rusairis da kewayen Damazin ya ci rayuka da yawa, mutanenmu na ciki, aka kuma kira su baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu. Duk wanda ya ce wa irin waɗannan tafiya mabuɗin ilimi ce, bai san zafin abin ba. Gudun ceton rai asara ce, abin da ya fi haifarwa ciwo ne da talauci da yaran da suka bar karatu. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, waɗanda aka tumɓuke sun zo da sani a hannunsu ko da jakarsu wofi ce. Wani tela daga Madani da ya baro kekunansa uku a can ya zauna a shagona wata huɗu, shi ya nuna mini yadda ake shimfiɗa yadi a yanka har a fitar da rigar yaro daga abin da nake zubarwa. Wannan ba ya biyan ko ɗigon abin da ya rasa. Amma da ban ba shi kujera na tambaye shi abin da ya iya ba, da har yau ina share ƙyallayen nan ina kai wa bola.

Roƙona ga dattawan unguwa da ƙungiyoyinmu ƙarami ne. Muna da asusun biki, muna da na rasuwa, muna haɗa kuɗi mu tura yaro Saudiyya ya nemo. In Allah ya kawo zaman lafiya, me zai hana a kowace shekara a zaɓi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai hannu, a tura shi wata shida wurin masu sana'a? Ga marinar Ƙofar Mata da majemar Kano, ga masu haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana a Masar, ga Habasha nan bayan Gallabat, muna kwana muna tashi da ita ba mu san yadda masaƙanta ke fitar da bakin mayafi ba. Sharaɗin kawai, in ya dawo ya zauna a zaure ya koya wa biyar. Kafin a kai ga wannan ma akwai wanda ba ya cin ko sisi: in matafiyi ya dawo, bayan an raba tsaraba, a sake ɗora jabana, a ce ya ba da labarin aikin hannun mutanen da ya zauna da su.

Bara ɗan ƙanwata ya samu aiki a wani shagon ɗinki a Jidda. Daren da zai tafi uwarsa ta lissafa masa abin da zai aiko. Da ya zo yi mini sallama na ba shi ƙaramin littafi da fensir, na ce, "Ni ba na son turare. Duk abin da ka ga wani tela ya yi wanda ba ka taɓa gani ba, zana mini." Ya ce, "To, Kawu." Wata biyar ba komai sai gaisuwa. Makon jiya cikin dare saƙo ya shigo wayata, hoton shafi uku, da muryarsa yana sauri kamar za a ƙwace wayar. Wai wani Bafakistane da ke keken kusa da nasa yana da hanyar kafa wuyan jallabiya ya tsaya cak ba tare da ya shaƙe mai ita ba, sirrin kuma a yadda yake lanƙwasa ƙyallen ciki ne kafin ya sa dutsen guga. Ya ce ya gwada sau huɗu, na huɗun ya yi. Ya ce shi ma Bafakistanen ya ga askar da ke bakin aljihunsa, ya tambaye shi yadda ake yin ta. Na saurari saƙon sau uku. Na yanki farin yadi na ajiye a kan tebur, gobe in an kawo wuta zan gwada wuyan.